Lifejacket: me ya kamata mu riƙa kiranta da Hausa?

1/ Jama'ar Yauri, Ngaski da Shanga, ku zo mu yi magana a kan kalma ɗaya: lifejacket. Ni dai a ganina sunan da muka laƙaba mata da Hausa yana rage mata daraja.

2/ Kalmomi biyu Bature ya haɗa: life, wato rai, da jacket, wato 'yar riga. Turanci yakan ajiye ainihin abin a ƙarshe, aikinsa ya zo a gaba. Mu kuma da abin muke farawa: rigar sanyi, rigar barci. Da za a bi wannan tsarin, rigar rai ke nan.

3/ Ta daɗe fa. A 1854 Kyaftin John Ross Ward, na ƙungiyar jiragen ceto ta Ingila, ya haɗa wata da ɓawon wani itace mara nauyi saboda masu fita ceto a teku.

4/ To mu me muke cewa? Wasu "layif jaket", da yawa kuma "rigar ruwa". Matsalar ita ce rigar ruwa tana da mai ita tuntuni: ledar da ɗan acaɓa ke sawa da damina. Ka ce wa tsohuwa a bakin tafki ta sa rigar ruwa rana na tsakiya, sai ta dubi sama ta ce ai babu hadari. Kuma ba ta yi ƙarya ba.

5/ "Rigar kariya" da 'yan jarida ke faɗa ma ba ta fita ba. Kariya daga me? Ta sulke ma kariya ce.

6/ Ba wai ina ƙin aro ba ne. Rigata da muke alfahari da ita a Yauri daga regatta ta fito, ta zauna daram. Amma "layif jaket" ba ta gaya wa wanda bai yi boko ba komai.

7/ Ku tuna 26 ga Mayu 2021. Jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ya nutse da mutum sama da 150, kusan 20 kawai aka ciro da rai a ranar. Allah Ya jiƙansu.

8/ Na san za a ce lodi ne ya yi yawa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya binne tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968. Haka ne, suna ba ya rage lodi. Wani kuma zai ce shi ɗan Sarkawa ne, a ruwa ya tashi. To mai goyo da ke zuwa cin kasuwa fa? Ko gwanin ninƙayar da katako ya buga a ka? Rigar ƙwarai tana riƙe fuskar mutum a sama ko ya suma.

9/ Ni "rigar tsira" na zaɓa. Da ka ji, ka san aikinta. In NIWA da HYPPADEC za su sake rabon rigunan nan, su gwada wannan sunan a rediyo da tashar jirage. Masu jirgi na Zamare da Wara, ku me kuke ce mata?