Hannun da ya yi aiki, wa ke riƙe da lissafinsa?

Duk mai son dambe a ƙasar Hausa ya san Shago, ko da bai taɓa ganin sa a fage ba. Waƙar Ɗan Anace ce ta riƙe mana shi, ita ta sa har yau ake zancen karonsa da Ɗandunawa. Amma tambayi dattawan da ke zuwa kallo a Ado Bayero Square da ke Kano kisa nawa ya yi, kowa da nasa lissafin.

A Amurka an yi Hank Aaron, baƙar fata ɗan Alabama, gwanin besbol, wasan da ake make ƙwallo da sanda. Daga 1954 zuwa 1976 ya yi babban bugun nan da kan tsallake shingen fili har sau 755. Ranar 8 ga Afrilu 1974 ya zarce 714 na Babe Ruth, wanda ya fi kowa kafin shi, alhali masu wariyar launi na ta aiko masa da wasiƙun barazanar kisa. Sun ƙi jininsa, amma goge bugu ɗaya ya gagare su, domin a rubuce yake.

Na Shago da sauƙi, ya samu mawaƙi. Waɗanda ke tsaye mini a rai su ne masu ƙarfin hannu na masana'antun Sharada, Challawa da Bompai a Kano. Dubi mai jan ɗanyar fata daga ruwan magani a majemar Challawa: tafin hannunsa ya tsattsage, warin ya bi shi har gida. Ga mai dakon buhu da ke lodin tirela tun asuba. Da yawansu 'yan wucin gadi ne, a biya su kuɗin yini, gobe su sake yin layi a bakin get. Ran da inji ya ci yatsa ko baya ya riƙe, ba takardar da za ta shaida shekarun da suka yi. Da masaƙun Kano suka durƙushe, mun ga magidanta sun koma gida hannu rabbana.

Wannan cin amana ne, kuma doka ba ta yarda da shi ba. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, dokar diyya ta 2010 kuma ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Jami'an ƙwadago su shiga masana'antun nan, su nemi rajista, su kira suna ɗaya bayan ɗaya.