Cire Wayar Jar Fitila Ba Gyara Ba Ne

Jama'ar Jalingo, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Fitilar baƙin mai, mai kama da buta, ta kawo ja, sai wani bakanike ya cire wayarta ko ya ɗura mai mai kauri, ya ce an gama. Mu kuma mu biya, mu kwashi iyali mu kama hanyar Wukari ko hawan Mambila!

Fitilar nan faɗa take yi mai ba ya zagaya inji da ƙarfi, kuma cikin 'yan mintuna inji na iya bugawa. In ta kama, a tsaya a kashe mota, a zaro geji. Mai ya ragu? A cika, a nemo inda yake yoyo. In yana nan cif, a sa agogon awo. Ƙarfin man ya yi daidai, to suwic ɗin fitilar ne ya mutu. In ya gaza, a duba filta, rariyar famfo, famfon kansa, da metal.

Masu cewa babu kuɗi, ku tambayi farashin inji a kasuwa. Araha ba ta ado. Duk bakaniken da ya kai hannu kan wayar nan, mu karɓi makullinmu mu yi gaba.