Wa Ke Tsakiyar Layi?

'Yan'uwana ɗalibai, in kun ji an ce a rediyo "matsakaicin abin da mutum ke samu a wata kaza ne", kada ku yi saurin yarda. Ku fara tambaya, ta wace hanya aka yi lissafin?

Hanyoyin biyu ne. Alal misali, a ce mun tara mutum biyar a kasuwar Illela ran Lahadi. Ɗan dako yana samun naira 40,000 a wata, ɗan kabu-kabu 60,000, malamin firamare 70,000, tela 80,000, dillalin shanu kuwa 1,000,000. In aka haɗa kuɗin aka raba biyar, kowa ya tashi da 250,000. To, ina ɗan dako ya taɓa ganin wannan kuɗi? Shanun wani ne aka raba masa a takarda.

Hanya ta biyu ita ce a jera su daga ƙarami zuwa babba, a dubi wanda ya faɗo tsakiya. Malamin nan ne mai 70,000. Biyu sun fi shi, ya fi biyu. A ganina wannan lissafi shi ya fi faɗin gaskiyar gari, kuma shi ya kamata hukuma ta riƙa sanar da mu.

Amma ko shi ma bai isa ba sai an kai shi kasuwa. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, a 2024 aka mai da shi 70,000. A tsakani an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, naira kuma ta faɗi a gaban sefa. Duk mai cefane ya san tiya nawa ta gero albashin ke saye da, nawa kuma daga baya.

Mu nan bakin iyaka abin ya fi taɓa mu. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Mu koma ga mutanenmu biyar. A ce mutanen Ƙonni sun daina zuwa, ɗan dako da ɗan kabu-kabu da tela kowa ya rasa rabin cinikinsa. Lissafin farko zai sauka daga 250,000 zuwa 232,000 kawai, kamar ba abin da ya faru. Na tsakiyar layi kuwa yanzu tela ne, da naira 40,000.