Tsadar Taki da Aikin da Ake Yi a Ɗakunan Gwaji



Duk shekara idan damina ta kawo jiki, hirar taki ba ta wuce abu uku a wurinmu: nawa buhu ya kai, wace gwamnati ta yi tallafi, wa ya karkatar da rabon. Duk tambayoyi ne masu kyau. Sai dai mun bar wata a baya: me ya sa haɗa takin yake da tsada tun daga tushe? Amsar tana cikin ilimin sinadarai, kuma ra'ayinmu shi ne al'ummar da ke rayuwa da noma ba ta da hujjar zama 'yar kallo a wannan fage.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wato sinadarin da gero da masara suka fi buƙata. Amma shuka ba ta iya cinsa daga iska, domin ƙwayoyinsa suna tafe ne bibbiyu, manne da juna da ɗauri mai ƙarfin gaske. Sai an raba su, an haɗa su da haidirojin, a samu amoniya. Daga amoniya ake yin yuriyar da muke gani a buhu.

A nan ne katalis yake shigowa. Katalis wani abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da ya ƙare ba, kamar dai mai dalilin aure: shi ne silar haɗuwar, amma ba da shi ake ɗaura auren ba. A 1909 Fritz Haber ya nuna a Jamus cewa ana iya haɗa amoniya daga iska, sai dai ƙarafan da ya fara amfani da su, irin su osmiyom, ba su da yawa a duniya. Alwin Mittasch na kamfanin BASF ya yi dubban gwaje-gwaje kafin ya dace da baƙin ƙarfe da aka ɗan gauraya da wasu sinadarai. Carl Bosch kuma ya gina masana'antar farko a Oppau a 1913. Masana na ƙiyasin cewa kusan rabin mutanen duniya a yau suna cin abincin da aka noma da takin wannan hanya.

Abin mamaki, an shafe shekaru da dama ana amfani da wannan ƙarfe ba tare da an san takamaimai abin da ke faruwa a samansa ba. Gerhard Ertl ne ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar cewa tsinka ɗaurin naitirojin shi ne mataki mafi jinkiri, aka ba shi kyautar Nobel a 2007.

Matsalar ita ce hanyar tana cin wuta. Ana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500, da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu sau 150 ko fiye, ga haidirojin da yawanci daga iskar gas ake ciro ta. Haɗa amoniya kaɗai na cinye kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin gas a 2022, manomi a Funtuwa da Maraɗi ya ji a aljihunsa. A shekarar ce aka buɗe masana'antar Dangote a Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Ci gaba ne babba, amma ita ma a kan hanyar Haber da Bosch take, kuma kuɗin jigila daga Legas zuwa gona a kan manomi yake faɗawa.

To ina bincike ya dosa yanzu? Ana neman katalis da zai yi aikin da ƙarancin zafi da matsi, yadda za a iya kafa ƙaramar masana'anta kusa da gonaki, mai aiki da hasken rana da ruwa da iska. A Japan, ayarin Hideo Hosono ya nuna a 2012 cewa ƙarfen ruteniyom da aka ɗora a kan wani sinadari dangin siminti yana sauƙaƙa tsinka ɗaurin, har aka kafa kamfanin Tsubame BHB a kan wannan aiki. A Jami'ar Monash ta Ostareliya kuma ana gwada haɗa amoniya da lantarki ta hanyar litiyom. Wasu na nazarin ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ke yin wannan aiki cikin ƙasa ba tare da tanderu ba. Iyayenmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya sun daɗe suna cin moriyarsu.

Kada kuma murna ta ɗebe mu. A 2019 wasu masana daga Danmak da Amurka da Ingila sun nuna cewa da yawa daga rahotannin samun amoniya da lantarki kuskure ne: amoniyar da aka auna ta shigo ne daga gurɓatar kayan gwaji. Har yanzu babu sabuwar hanyar da ta kama ƙafar tsohuwar a yawa da araha. Duk wanda ya ce mana gobe za a daina sayen buhu, mu tambaye shi hujja.

Wani zai ce, ƙasar da ke fama da yunwa ina ita ina irin wannan bincike? A bar wa Jamus da Japan, idan sun gama mu saya. Muna ganin wannan lissafin ne ya kawo mu inda muke. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun ɗauki alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, kuma yawancin ƙasashen ba su kai ba. Mai saye kawai ba shi da ta cewa a farashi. Sannan injin da aka ƙera don sanyin Turai sai ya samu masanin gida da zai daidaita shi da zafinmu da ƙurarmu.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. A Zariya akwai cibiyar NARICT ta binciken fasahar sinadarai, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun yi aiki kan sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta zama ziyolait, katalis ɗin da ake amfani da shi wajen tace mai. Irin waɗannan ɗakunan gwaji suna buƙatar wuta da ba ta yankewa, na'urorin awo masu aiki, da kuɗin da zai ɗore shekaru, domin aikin katalis na masu haƙuri ne.

Saboda haka idan 'yan siyasa suka zo da alkawarin tirelolin taki, mu karɓa, sannan mu tambaye su nawa suka ware wa bincike. Idan ƙaninmu ya samu gurbin karatun kimiyyar sinadarai, mu daina yi masa jaje don bai samu likitanci ba.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman manoman cikinmu da malaman kimiyya.