Sakamakon jarrabawa ba ya zuwa da .apk

A ganina, wayar da muke miƙa wa yara a Zongo ƙofa ce marar sakata. Lokacin BEPC sai a yi ta yawo da wani adireshi a WhatsApp, wai na duba sakamako. Yaro ya taɓa, Chrome ya yi gargaɗi, ya ƙi ji, fayil mai ƙarewa da .apk ya sauka. Manhaja ce, ba takarda ba, kuma in ta samu izini har saƙonnin kuɗi tana karantawa.

Tun Android 8, a 2017, manhaja ba ta girka wata sai mai waya ya yarda. Iyaye, mu janye wa Chrome da WhatsApp wannan izinin. Malamai kuwa, don Allah ku riƙa tura darasi a PDF, ku rubuta sunan fayil ɗin a allo.