Mu Kula Da Kayanmu: In Tsohuwar Mota Ta Rasa Ƙarfi

A wannan wata za mu yi magana a kan tsohuwar mota mai kabureta, irin su Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna har shekarar 2006. Ka ɗauko iyali, kun kama Hawan Kibo za ku Jos, ka taka totur har ƙasa, amma mota sai nishi take yi. Wannan ba abin wasa ba ne, domin motar da ba ta da ƙarfi takan yaudari direba a daidai lokacin da ya fita zai wuce babbar mota.

Da yawa daga cikinmu, abin da muke fara cewa shi ne, "Kabureta ce." Sai a kwance ta, a murɗa nan a murɗa can, kuɗi su tafi, ciwo yana nan. Shawararmu ita ce, a bar kabureta sai ƙarshe. Inji yana bukatar abu huɗu: iska, mai, wuta, da matsi. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai araha.

Amma tukuna, a tabbata laifin na inji ne. In ƙarar inji tana hawa, mota kuwa ba ta ƙara gudu, kuloci ne ya cinye. In ka tsaya ka ji ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi, birki ne yake kamawa. Ka kuma sani, iskar kan tudu ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Jos tana bisa kamar mita 1,200, inji kuwa yakan rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. Wannan ba ciwo ba ne.

Na fari, iska. Inji yana shan iska kamar ninki 15 na nauyin man da yake ƙonawa. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, sai ka ga baƙin hayaƙi, mota kuma tana shan mai fiye da kima. Buɗe ka duba. Duba cok kuma, ko ya maƙale a rufe. Sa'an nan, inji yana kashe, ka sa wani ya taka totur har ƙasa, kai kuwa ka leƙa ka ga ko wayar tana buɗe bakin kabureta duka. Waya mai sako-sako ta sa mutane da yawa sun yi asarar banza.

Na biyu, mai. In mota tana tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma a kan hawa sai ta riƙa shaƙewa, in ta huta kaɗan ta farfaɗo, to, mai ne ba ya isa. Sake matatar mai, a gwada famfon mai. Buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska da ƙarfi, hanyar numfashin tankin ta toshe.

Na uku, wuta. Kwance filogi ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Jiƙe da baƙin mai, inji ya fara cinyewa. Duba kwantak, ratarsa ta zama kamar milimita 0.4, a kuma daidaita taimin. Wutar da take makara takan kashe ƙarfi, ta kuma sa inji zafi.

Na huɗu, matsi. Wannan aikin bakanike ne. Zai auna kowace silinda da ma'auni. In ɗaya ta gaza 'yan'uwanta ƙwarai, to, ko bawul, ko ringi, ko gaskit. Shuɗin hayaƙi yana nuna baƙin mai yana ƙonewa. Farin hayaƙi da ba ya yankewa, ga ruwan lagireto yana raguwa, alamar gaskit ce.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a zo kan kabureta, a wanke ta, a hure ƙananan ramukanta da iska. Kada a tsokale su da waya, gama ramin zai faɗaɗa.

Gargaɗi biyu. Kada ka zuƙi fetur da baki, ko ka kusance shi da wuta. Kada kuma ka bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da sanarwa ba.

In za ka gareji, ka gaya wa bakanike lokacin da abin yake faruwa da launin hayaƙin da ka gani. Ka rage masa lalube, ka rage wa kanka kuɗi. Sai wata mai zuwa.