Me ya haɗa allurar rigakafi da kaluluwa?

Ƙannena, duk wanda ya taɓa yin gyambo a ƙafa ya san kaluluwa, ƙullutun nan da ke tasowa a matsematsi. Jikinmu na da ɗaruruwan irin waɗannan ƙullutai, a wuya da hammata da sauran wurare. A cikinsu ne sojojin garkuwar jiki ke taruwa su koyi kamannin cuta. Rigakafin da bai aika musu saƙo ba, aikinsa ragagge ne.

Yawancin allurai na ɗauke da abu biyu: ɓangaren ƙwayar cutar da ake so jiki ya gane, da wani sinadari mai zuga sojojin su farka. Tsoho a cikin masu zugar nan shi ne gishirin alminiyom, wanda Alexander Glenny ya gano amfaninsa a Ingila a 1926.

Matsalar ita ce hanya. Allura a dantse ake yin ta, kaluluwa kuwa tana hammata. Idan sinadarin ya cika ƙanƙanta, sai ya sulale cikin jini ya zaga jiki, ya iya jawo zazzaɓi. Idan ya cika girma, sai ya maƙale inda aka soka shi. Wanda ya fi isa shi ne mai girman nanomita 10 zuwa 100. Nanomita guda fa, ka raba milimita gida miliyan ne ka ɗauki ɗaya!

Dabarar da ta fi burge ni ta fito ne daga jami'ar MIT a Amurka a 2014. Darrell Irvine da abokan aikinsa sun lura da wani rini da likitocin tiyata ke amfani da shi don gano kaluluwar masu ciwon daji. Rinin na manne wa albumin, wani furotin da ya yawaita a ruwan jiki, shi kuma ya rage masa hanya har kaluluwa. Sai suka liƙa wa sinadarin zuga wutsiyar kitse don shi ma ya kama albumin. A jikin ɓeraye, garkuwa ta ƙaru ninkin-ba-ninkin, illa kuma ta ragu. Amma ɓera ba mutum ba ne, gwaji na ci gaba.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, yana ɗauke da mai zuga da ake kira Matrix-M. Daga ɓawon wata bishiyar ƙasar Chile ake haɗa shi, girmansa kimanin nanomita 40.